Yadda Ake Gano Laifi a Na'urar Daidaita Sauti da Aka Harhaɗa a Gida

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi kayan harhaɗa na'urar daidaita sauti, ya kwashe kwanaki yana liƙa su da dalma, ba abin da yake ɗoki kamar lokacin da zai ba ta wuta ya ji kiɗa ya fito tangaram. Amma sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne shiru, ko ƙugi, ko ma warin ƙuna. A nan ne akan yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada, wato a shiga ciccire kayan ana musanya su da sababbi bisa zato, har kuɗi su ƙare, allon kuma ya lalace.

Wannan darasi zai nuna cewa gano laifi a na'ura ba sa'a ba ce, aiki ne mai tsari irin na gwajin kimiyya: a lura da alama, a yi hasashe, a auna, sannan a yanke hukunci. Akwai kuma abu guda da ya kamata a riƙe tun daga farko. Na'urar da aka sayo daga kamfani ta taɓa yin aiki kafin ta lalace, don haka akan zargi kayan cikinta. Wadda aka harhaɗa a gida kuwa ba ta taɓa aiki ba, saboda haka wanda za a fara tuhuma shi ne hannun da ya harhaɗa ta.

Aikin Na'urar

Sauti kaɗawar iska ne. Yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa guda ana auna shi da ma'aunin haz, wanda ake rubutawa Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga misalin 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Kaɗawa kaɗan ita ke ba da sauti mai kauri irin na tambari, kaɗawa da yawa kuma ta ba da siririn sauti irin na sarewa ko kuge. Mafi yawan abin da ke sa a fahimci maganar mutum yana tsakanin 300 Hz da 3,400 Hz, shi ya sa wayar tarho ta gargajiya ta taƙaita a wannan yanki.

Na'urar daidaita sauti, wadda masu sayar da kayan kiɗa ke kira ikwalaiza, tana zama ne tsakanin abin da ke ba da sauti, kamar rediyo ko wayar hannu, da amfilifaya mai tura lasifika. Tana rarraba sauti zuwa yankuna, kowane yanki da maɓallinsa da ake turawa sama ko ƙasa. Mai yankuna goma takan kasance da 31, 63, 125, 250, 500, 1,000, 2,000, 4,000, 8,000 da 16,000 Hz, wato kowane yanki ya kusan ninka na bayansa. Yawanci maɓalli yana ƙara ko rage desibel 12. Desibel 6 ninki biyu ne na ƙarfin wutar sauti, desibel 12 kuwa ninki huɗu ne.

Tushen wannan fasaha ya daɗe. A 1952 injiniyan Ingila Peter Baxandall ya buga tsarin rage ko ƙara kauri da sirantar sauti a mujallar Wireless World, har yau kuma ana amfani da shi. Kafin nan, a 1948, Bernard Tellegen na kamfanin Philips a ƙasar Holan ya gabatar da dabarar jaireta, wadda ke sa kafasita ta yi aiki tamkar naɗin waya. Da wannan dabara ce ake gina yankunan yawancin ikwalaizar zamani, ba tare da manyan naɗe-naɗen waya masu nauyi da tsada ba.

Kowace ikwalaiza tana da sassa huɗu: sashen ba da wuta, sashen karɓar sauti, yankunan tacewa da maɓallansu, da sashen fitar da sauti. Kayan da ke ciki su ne razista, da kafasita wadda masu gyaran rediyo ke kira kwandansa, da ƙananan ai-si irin su TL072, 4558 ko NE5532. Wasu kayan harhaɗawa kuma suna amfani da ai-si guda mai ɗauke da yankuna biyar, kamar LA3600 ko BA3812L.

Kiyaye Lafiya

Wutar gida ta bolt 220 zuwa 240 tana kisa. Kada ɗalibi ya taɓa ɓangaren taransifoma da ke shiga bango, kuma dole a rufe wayoyinsa a sa masa fis. Mafi kyau a yi gwajin farko da batura biyu masu bolt 9. A jona fozitif na ɗaya da nagetif na ɗayan. Mahaɗarsu ita ce layin sifiri, sauran bakunan biyu kuma su ba da +9 da −9. Wannan ya isa ya tayar da yawancin ikwalaizar da aka tsara don +12 da −12 ko +15 da −15.

Manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe na'ura, don haka a zubar da ita ta hanyar razista mai om 1,000 kafin a taɓa. Dalmar liƙi ta gargajiya kashi 60 kuza ce, kashi 40 kuma tsantsar dalma, wadda guba ce. Mutanen ƙasar nan ba za su manta da yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Kada a riƙe ta da baki, a wanke hannu kafin cin abinci, a kuma yi aiki inda iska ke shiga.

Kayan Aiki

Ana bukatar mita mai auna bolt da om, da ƙarfen liƙi mai wat 25 zuwa 30, da gilashin ƙara girma, da zanen da'irar da ya zo da kayan, da littafin rubutu. Wayar hannu ma ta zama kayan aiki, domin akwai manhajoji masu fitar da tsantsar sauti na kowane adadin Hz da aka zaɓa. Sai kuma mabiyin sauti, wanda ɗalibi zai haɗa da kansa: ƙaramar amfilifaya mai batir, a jona wayar sifirinta da layin sifirin ikwalaiza, a sa kafasita mai lamba 104 a bakin ɗaya wayar. Duk inda aka dangwala wannan baki, za a ji sautin da ke wucewa ta wurin.

Mataki na Ɗaya: Duba da Ido

Gani ya kori ji. Kafin a ba da wuta, a zauna cikin haske a bi allon a tsanake.

Liƙi mai kyau yana da santsi, ya rungume ƙafar abin da aka liƙa da jan ƙarfen allo gaba ɗaya. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo, ko ya tsattsage, ko ƙafar tana motsi a cikinsa, bai kama ba. Dalilinsa shi ne an narkar da dalma a kan ƙarfen liƙi an ɗiga, maimakon a ɗumama ƙafar da allon tare su narkar da ita. A lura kuma da dalmar da ta tsallaka ta haɗa ƙafafu biyu maƙwabta. Ruwan asid da masu liƙin bokiti ke amfani da shi ba ya shiga wannan aiki, domin yana cin jan ƙarfe.

Sannan a duba kayan da ke da gaba da baya. Kafasita mai siffar gwangwani tana da zane a gefen nagetif. In aka juya ta za ta yi zafi, ta kumbura, har ta fashe. Dayod tana da zobe a baki guda. Ai-si yana da tsaga a kai da ɗigo kusa da ƙafa ta 1, ana kuma ƙirga ƙafafun saɓanin juyawar hannun agogo idan ana kallonsa daga sama. In aka kifa allon ana kallo daga ƙasa, ƙirgar ta juya. Wannan ya ruɗi masu koyo da yawa.

Daga ƙarshe a karanta darajar kowane abu. Razista mai ruwan ƙasa, baƙi, ja om 1,000 ce. Mai ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo 10,000. Mai ruwan ƙasa, baƙi, rawaya 100,000. A hasken fitila ja da ruwan lemo suna kama, don haka a tabbatar da mita.

Mataki na Biyu: Auna Wuta

Idan ai-si suna kan mazauni ne, a zare su duka kafin a kunna. A sa baƙar wayar mita a layin sifiri, a auna da jar. A TL072, 4558 da NE5532, ƙafa ta 8 ita ce fozitif, ta 4 nagetif, ta 1 da ta 7 kuma mafita. Tsohon ai-si mai lamba 741, wanda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968, shi ma ƙafa takwas gare shi, amma fozitif nasa a ƙafa ta 7 yake, mafita a ta 6. Ba a musanya shi da waɗancan, ko da kuwa ya shiga ramin daidai.

Akwai wani tarko a ragileta masu tsare ƙarfin wuta. A 7815 mai ba da +15, idan rubutun na fuskantarka, ƙafafun daga hagu su ne shiga, sifiri, fita. A 7915 mai ba da −15 kuwa su ne sifiri, shiga, fita. Bugu da ƙari, ƙarfen bayan 7815 yana haɗe da sifiri, na 7915 kuma da wutar shiga. Wanda ya ɗaure su biyun a kan farantin sanyaya guda ba tare da shamaki ba ya haɗa nagetif da sifiri kai tsaye.

In wuta ta yi daidai, a kashe, a mayar da ai-si ɗaya bayan ɗaya, ana sake aunawa kowane karo. Wanda shigarsa ta sa wuta ta faɗi, ko ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, a nan laifin yake.

Mataki na Uku: Auna Mafita Ba Tare da Sauti Ba

Wannan gwaji ne mai sauƙi, amma yana tona asiri ƙwarai. A na'ura mai wuta biyu, fozitif da nagetif, kowace mafitar ai-si ya kamata ta nuna kusan sifiri. A mai wuta ɗaya, a ce bolt 12, ya kamata ta nuna rabi, wato bolt 6. Mafitar da ta manne kusa da fozitif ko nagetif tana nuna cewa wani abu ya yanke ko ya haɗe a kewayenta, ko kuma ai-si ɗin ya mutu. A rubuta kowane adadi a littafi.

Idan na'urar mai hannu biyu ce, dama da hagu, to an samu malami a kyauta. Hannun da ke aiki shi ne abin kwatance: a auna wuri guda a kowane hannu, inda suka saɓa nan za a tsaya.

Mataki na Huɗu: Raba Biyu

A sa waya ta ba da sautin 1,000 Hz, a daidaita dukan maɓallai a tsakiya, a ɗauki mabiyin sauti. Ba daga farko za a fara ba, daga tsakiyar hanya za a fara. In an ji sauti a tsakiya, laifin yana gaba. In ba a ji ba, yana baya. Sai a sake raba ɓangaren da ake zargi biyu. Hanya mai matsaya 16 gwaji huɗu kacal take bukata: 16 ta koma 8, ta koma 4, ta koma 2, ta koma 1. Haka mai neman inda bututun ruwa ya toshe yake yi in yana da wayo, ba ya tone unguwa gaba ɗaya.

Alamu da Abin da Suke Nufi

*Ƙugi.* Wutar gida a Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ƙugi mai kauri na 50 Hz yakan shigo ne ta wayar sauti marar rigar kariya, ko wadda rigarta ba ta jone da sifiri ba, ko kuma taransifoma ta yi kusa da sashen karɓar sauti. Haka nan idan layin sifiri ya bi hanyoyi biyu ya zama zobe, zai kwaso ƙugi. Maganinsa a tattara wayoyin sifiri su haɗu a wuri guda. Ƙugin 100 Hz kuwa, wanda ya fi kama da kukan ƙudan zuma, daga sashen ba da wuta yake. Don bambancewa, a koma kan batura: in ƙugin ya ɓace, a binciki sashen wuta.

Lissafi zai taimaka a nan. Tangaɗin da ke saura a wuta bayan dayod huɗu sun miƙe ta daidai yake da I ÷ (100 × C). In na'ura na jan amfiya 0.1, kafasita kuma maikirofarad 1,000 ce, wato farad 0.001, tangaɗin bolt 1 ne. In aka yi kuskure aka sa mai maikirofarad 100, lissafin ya ba da bolt 10. Har ila yau, 7815 tana bukatar a ba ta aƙalla misalin bolt 17 kafin ta riƙe 15. Taransifoma mai bolt 15 tana ba da kusan 20 bayan miƙewa. Amma idan wutar gida ta faɗo daga 230 zuwa 180, abin da zai isa ragileta bai kai 16 ba, sai ƙugi ya ratso. Saboda haka na'urar da ke lafiya da rana ta riƙa ƙugi da magariba, a auna wutar bango kafin a taɓa ta.

*Fito ko fat-fat kamar injin niƙa.* Na'urar tana ciyar da kanta da sautinta ne. A tabbata akwai kafasita mai lamba 104 daga ƙafa ta 8 zuwa sifiri, da wata daga ƙafa ta 4 zuwa sifiri, dab da kowane ai-si. A raba wayar shiga da ta fita, kada su tafi a manne. Batir da ya raunana ma yana jawo haka.

*Maɓalli guda ba ya yin komai.* Ko ƙafarsa ta tsakiya ba ta kama ba, ko jairetar yankin ta mutu. A kashe wuta, a auna om tsakanin ƙafar tsakiya da ta gefe ana tura maɓallin. Adadin ya riƙa sauyawa a hankali. In kuwa turawa sama ragewa take yi, an juya ƙafafun gefe ne.

*Maɓalli yana aiki a yankin da ba nasa ba.* Nan kuskuren karanta lambar kafasita ne. Lamba ta uku yawan sifirin da za a ƙara ne, a ma'aunin fikofarad: 103 tana nufin 10,000, 104 kuma 100,000. A matata mai razista ɗaya da kafasita ɗaya, f = 1 ÷ (2πRC). Da om 10,000 da kafasita 103 za a sami kusan 1,590 Hz. Da 104 kuwa 159 Hz. A yanki mai jaireta, kuskuren ninki goma a kafasita ɗaya yana kawar da yankin da misalin ninki uku. Don gwadawa, a ba da sautin kowane yanki daga waya, a ga wane maɓalli ne ya fi tasiri a kansa.

*Tsakiya ba ta zama tsakiya ba.* Yawancin tsare-tsare suna son maɓalli mai sauyawa bai-ɗaya, wanda kamfanonin Asiya ke yi wa alamar B, kamar B50K. Mai alamar A na ƙara murya ne, in aka sa shi a nan sai daidaiton ya karkata gefe guda.

*Ƙaras-ƙaras in an motsa maɓalli.* Ƙurar hunturu tana shiga ta tsagar maɓalli cikin sauƙi. A fesa ruwan wanke maɓallai na musamman, ban da man keke ko kananzir. In ƙarar ba ta tafi ba, a auna bolt a bakunan maɓallin. Samun wuta tsayayya a wurin alama ce ta kafasita mai yoyo ko wadda aka juya.

*Murya tana fashewa.* Wannan ba kullum ne laifin na'ura ba. Na'urar faifan CD tana fitar da misalin bolt 2. In aka tura maɓallai sama gaba ɗaya, an nemi bolt 8 ke nan, abin da ikwalaiza mai wuta ɗaya ta bolt 12 ba za ta iya bayarwa ba, sai ta gutsure kawunan sautin. Irin wannan gutsurarren sauti, in amfilifaya ta tura shi da ƙarfi, yana iya ƙona ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti. Gara a rage yankin da ya yi yawa da a ɗaga sauran.

Misali

A ce 'yan ƙungiyar kimiyya ta wata makaranta sun harhaɗa ikwalaiza mai hannu biyu. Hagu yana kiɗa, dama shiru. Tunda hagu na aiki, sashen wuta ya fita daga zargi, mita kuma ta nuna +15 a ƙafa ta 8 da −15 a ƙafa ta 4 na kowane ai-si. Suka auna mafita: duk kusan sifiri, sai ƙafa ta 7 ta ai-si na farko da ta nuna −13. Wani ya ce a sayo sabon ai-si. Malaminsu ya ce a fara musanya shi da ɗan'uwansa da ke kan allon. Aka musanya, laifin bai bi ai-si ba, ya tsaya a mazauninsa. Ke nan ai-si lafiya yake. Suka kashe wuta suka auna om daga ƙafa ta 5 zuwa sifiri, mita ba ta nuna komai ba, alhali zane ya ce a sami om 100,000. Da gilashi suka ga ƙafar razistar tana lilo cikin dunƙulen dalma. Ɗigo guda na liƙi ya gyara abin, ba a kashe ko kwabo ba.

Ga Malamai

Wannan aiki ya dace da koyar da dokar Om, da kaɗawar sauti, da tsarin gwaji. Malami zai iya dasa laifi da gangan a allo mai batir, kamar ya yanke waya guda ko ya musanya 103 da 104, ya raba ɗalibai rukuni-rukuni. Sharaɗi biyu ne: kada a taɓa ƙarfen liƙi sai an rubuta hasashe da awon da ya goyi bayansa, kuma kada a sauya abu biyu a lokaci guda. Wanda ya sauya abu uku na'ura ta tashi bai san wanne ne ya gyara ta ba, gobe in ta sake ba shi da abin kamawa. A ba da maki a kan littafin awo, ba a kan saurin gamawa ba.

Kammalawa

Tsarin dai shi ne: ido, sannan wuta, sannan mafita, sannan raba biyu, alamar da kunne ya ji kuma ta nuna inda za a karkata. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗalibin da ya saba da wannan tsari a kan ikwalaiza zai same shi da amfani a kan rediyo, da cajar waya, da na'urar hasken rana, domin tambayar ɗaya ce a ko'ina: me ya kamata in gani a nan, me kuma na gani?

Tambayoyi

1. Fikofarad nawa ne kafasita mai lamba 472?
2. Nemo f idan R om 16,000 ce, kafasita kuma mai lamba 103. Wane yanki ne ya fi kusa da amsarka?
3. Hanyar sauti tana da matsaya 32. Gwaji nawa ake bukata ta dabarar raba biyu?
4. Ikwalaiza mai wuta ɗaya ta bolt 9 ta nuna bolt 8 a mafitar wani ai-si. Nawa ya kamata ta nuna, kuma me za ka fara dubawa?
5. Bayyana yadda batura biyu za su taimaka wajen gano tushen ƙugi.